Garin da Ke Cin Abinci da Wasan Kwaikwayo: Tafiyata Stratford ta Kanada

Ƙanwata da ke aure a Mississauga, gefen Toronto, ta haihu a farkon daminar 2022, aka ce ni zan wakilci gida in je barka. An yi suna, ta gama wankan jego, biza ba ta fito ba. Sai a ƙarshen Agusta saƙo ya shigo cewa a aika da fasfo Abuja a buga. Na yanki tikitin jirgin da zai tashi daga Kano, domin a lokacin jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja yana tsaye tun harin watan Maris, kuma ba wanda ke sha'awar bin waccan hanyar a mota in ba dole ba.

Na shiga mota a Kwangila bayan sallar asuba. Ana kan aikin titin Zariya zuwa Kano, don haka a wurare da yawa an haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya, tirela na huci a bayanka, wata na tunkaro ka ta gaba. Shingaye kuwa ba a magana. Direbanmu ya san gaisuwar kowane shinge, ko birki ba ya takawa sosai, sai dai ya miƙa hannu ta taga. A wajen Kwanar Ɗangora ne kaɗai aka ce a buɗe but. Mai kakin ya dafa buhuna ya ce, "Alhaji, me ke ciki?" Na ce kayan miya ne. Ya shinshina, ya yi dariya, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga Kano sai Adis Ababa, daga can jirgin dare, aka tsaya shan mai a Turai ba a bar mu mun sauka ba, muka wayi gari a Toronto ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kanada ba ta janye dokokin korona ba tukuna: takunkumi a fuska tun daga cikin jirgi, shaidar rigakafi kuma sai an cika ta a manhajar ArriveCAN kafin a taso. Jami'in shige da fice bai ja ni da nisa ba. Wa na zo gani, yaushe zan koma, me nake yi a gida, ya sallame ni. Wajen masu duba kaya ne aka daɗe. Tun ina gida ƙanwata ta ja mini kunne, "Yaya, don Allah ban da kilishi, ban da dambun nama, ƙwacewa za su yi har da tara." Na bi maganarta, na kuma amsa cewa ina ɗauke da abinci. Wata jami'a ta sa safar hannu ta riƙa zaro ƙulli ɗaya bayan ɗaya: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kanwa, garin kunu. Da ta kwance ledar daddawa sai ta ja da baya ta kira abokin aikinta. Na yi musu bayani cewa ƙwayar ɗorawa ce ake dafawa a rufe ta sai ta yi wannan ƙamshin. Suka dubi juna a kan kalmar ƙamshi, suka tambaya ko akwai nama a ciki, na ce babu, suka ɗaure suka ba ni kayana.

Makon farko ya tafi a ɗaukar jariri, da tuwon garin masarar kanti, da barcin da ba ya zuwa a kan lokaci.

Ni malamin makaranta ne, amma inda raina yake shi ne 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo da muka kafa da wasu tsofaffin ɗalibaina. Duk dangi sun san haka, wasu ma da shi suke mini tsiya. Wani dare mijin ƙanwata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, ga naka ya samu." Talla ce ta bikin wasannin kwaikwayo na Stratford, wani ƙaramin gari mai nisan kamar kilomita 150 yamma da Toronto. A wannan kakar, ta 70, suna nuna wasan Wole Soyinka, Death and the King's Horseman, sannan wadda ke fitowa a matsayin Hamlet, yariman Denmak a wasan Shakespeare, 'yar asalin Legas ce, Amaka Umeh. Kafin in gama karantawa ya saya mini tikiti biyu. Da na leƙa na ga kuɗin, dalar Kanada 160 da 'yan kai, kuma ba kujerun gaba ba ne, sai na fara lissafi da naira, lokacin dalarsu ta haura 500 a kasuwar bayan fage. Ya ce in ban daina wannan lissafin ba ko ruwa ba zan sha a ƙasar ba.

Na hau jirgin ƙasa na yamma daga tashar Union. Brampton, Georgetown, Guelph, Kitchener, daga nan gari ya ƙare sai gonaki. Masara da waken soya iya ganinka, dogayen rumbunan ƙarfe, jajayen ɗakunan dabbobi, amma ba mutum ko ɗaya a ciki. A irin wannan watan in a hanyar Giwa ko Soba ne, ba za ka yi tafiyar minti ɗaya ba ka hango wani duƙe a gona ba. Bayan Kitchener jirgin ya rage gudu ƙwarai, muka shiga Stratford magariba ta wuce.

Masaukina gidan wata dattijuwa ne, irin gidajen da ake ba baƙo ɗaki da karin kumallo, dala 140 kwana ɗaya kafin haraji. Garin cike yake da irinsu, kuma bikin ne ya haife su: a shekarar farko otal bai isa ba, mutanen gari suka buɗe wa baƙi ɗakunansu. Na cire takalmi a bakin ƙofa kamar a gida, na buɗe waya neman alƙibla, sai ta nuna mini arewa maso gabas. Na juya wayar, na sake juyawa, ba ta canza ra'ayi ba. Haka alƙiblar wajen take.

Da safe na tarar da wasu tsofaffin mata da miji daga Michigan ta Amurka a teburi. Sun ce tun suna saurayi da budurwa suke zuwa, kuma wannan zuwan wasa biyar za su kalla kafin su juya. Tun da dare na shaida wa dattijuwar ba na cin naman alade. Ta ce to na faɗo tsakiyarsa, domin gundumar Perth da garin ke ciki da kiwon alade aka san ta, har taron masu kiwonsa na lardin Ontariyo a nan ake yi. Ta soya mini ƙwai a kasko daban, ta haɗa da gasasshen burodi da wani ruwan zaƙi da ake tatsa daga jikin itace. Sa'ar da na yi ita ce matar nan ta yi shekaru tana ɗinki a sashen tufafin bikin kafin ta yi ritaya, mahaifinta kuma ma'aikacin reluwe ne. Ita ta ce kafin in je gidan wasa in fara zuwa in ga inda maganar ta taso, ta kwatanta mini hanya.

'Yar tafiya kaɗan daga tashar da na sauka akwai wani ƙaton kango na ƙarfe da kankare, tsawonsa ya fi filin ƙwallo, an kewaye shi da waya, gefensa an mai da wurin ajiye motoci. Nan ne garejin gyaran kawunan jiragen ƙasa masu aiki da kwal, na kamfanin Grand Trunk, daga baya Canadian National. Shi ya riƙe garin shekara da shekaru, tare da masana'antun kujeru da gadaje. A farkon shekarun 1950 injin dizal ya fara korar na kwal, kowa ya san aikin garejin ya kusa ƙarewa. Na tsaya a jikin wayar ina tuna unguwar reluwe ta Sabon Garin Zariya, da Kafanchan, da Nguru, da Ƙauran Namoda, garuruwan da jirgi ya raya ya kuma tafi ya bar su. Wannan ɓangaren labarin mun san shi sarai.

Su nasu sai ya samu wani ɗan jarida, Tom Patterson, haifaffen garin, tsohon sojan yaƙin duniya na biyu. Hujjar da ya kai wa majalisar gari ba ta da tsawo: sunan garinmu Stratford, kogin da ya ratsa shi Avon, daidai da mahaifar Shakespeare a Ingila, har makarantunmu sunayen mutanen cikin wasanninsa aka sa musu, to me zai hana mu riƙa nuna wasannin nasa baƙi su zo su kashe kuɗi? Shi kansa ba ɗan harkar ba ne. A Janairun 1952 majalisa ta ba shi dala 125 ya je New York neman Laurence Olivier, shahararren ɗan wasan Ingila, ya dawo bai ko gan shi ba. Sai wata mai harkar wasan kwaikwayo a Toronto, Dora Mavor Moore, ta haɗa shi da Tyrone Guthrie, babban darakta da ke zaune a Ireland, ya buga masa waya. Guthrie ya zo a watan Yulin shekarar. Abin da ya kawo shi kuwa, ya daɗe yana neman inda za a bar shi ya gina irin dandamalin da yake so, wanda zai kutso cikin 'yan kallo su kewaye shi, maimakon irin na silima da kowa ke fuskantar bango ɗaya. Tanya Moiseiwitsch ce ta zana masa shi. Kuɗin gini babu, sai aka zuba kankare mai hawa-hawa a zagaye, aka yo odar ƙaton tanti daga Chicago aka kifa a kai. Ana tsakiyar aiki asusu ya bushe. Ɗan kwangilar, Oliver Gaffney, ya ce yaransa su ci gaba, in an samu a biya. Ranar 13 ga Yulin 1953 ɗan wasan Ingila Alec Guinness ya fito a Richard III. Wasa biyu kacal aka yi a shekarar, shi da All's Well That Ends Well, ana juya su har mako shida. Dattijuwar ta ce mahaifiyarta kan ba da labarin yadda ruwan sama ke dukan tantin har a daina jin 'yan wasa, da yadda jirgin kaya ke busa a tsakiyar magana. A 1957 aka buɗe ginin dindindin, aka yi rufinsa a zagaye mai tudu-tudu don ya yi kama da tantin.

Daga tsakiyar gari zuwa babban gidan wasan tafiyar ƙafa ce ta bakin kogi. Ciyawa a share, manyan itatuwa, fararen tsuntsayen nan masu dogon wuya dangin dinya suna iyo ba mai jifansu, mutane sun shimfiɗa barguna suna cin abinci kafin wasa. Tutoci duk an sassauto da su rabin sanda, domin Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba, ba a kai ga binne ta ba. Ita ma ta zo garin a 1959 da 1997. Garin gaba ɗaya mutum 33,000 ne da 'yan kai, amma kafin korona 'yan kallo kan kai kusan rabin miliyan a kaka guda, daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Gidajen wasa huɗu gare su: babban mai kujeru kamar 1,800, da Avon a tsakiyar kasuwa mai sama da 1,000, da ƙaramin Studio mai 260, da sabon da aka sa wa sunan Tom Patterson mai 600. Sai da na biya ta Avon na ɗauki hoton matakalarsa, don babbar 'yar ƙanwata ta ce, "Kawu, kada ka dawo ba da shi ba." Ashe nan Justin Bieber ke zama da gita yana yaro, yana waƙa ana jefa masa canji.

Saura 'yan mintoci a fara sai ga mutane da dogayen ƙahonin busa da ganga sun fito waje sun busa. Tun 1953 ake wannan busar, Louis Applebaum ya tsara ta, ita ce kiran shiga. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla ya ji kakaki zai gane abin da jikina ya yi.

Dandamalin ƙarami ne ƙwarai in aka dubi girman ɗakin. Katako ne, da 'yan matakalai, da baranda a baya, da murfi a ƙasa da ake buɗewa in ana son kabari, da hanyoyi biyu da suka ɓullo ta ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Kujeru sun kewaye shi ta gefe uku, ko ta ƙarshe ba ta wuce ƙafa 65 daga gare shi ba. Ni ina sama can gefe, duk da haka ina ganin fuskar mai magana tar. Babu labule. Duk inda ɗan wasa ya juya ya ba wasu baya, don haka dole a riƙa motsi, baki na tafiya jiki na tafiya. Turawa sun ɗauki wannan babban juyi ne, har aka kwaikwaye shi a Chichester ta Ingila da Minneapolis ta Amurka. Ni kuwa dariya ta so kama ni. Mu da muka tashi da kallon tashe a ƙofar gida, muka kuma zauna a gidan wasan nan na ginin laka da ke jami'a a Samaru, yaushe muka san wasa yana da gaba da baya?

An yi Hamlet da kayan zamani, kwat da wayar hannu. Umeh ce baƙar mace ta farko da ta riƙe wannan matsayi a dandamalin da Christopher Plummer, shahararren ɗan wasan Kanada, ya riƙe shi a 1957, kuma sai da aka kai kaka ta 70 kafin hakan ta faru, wannan ma abin lura ne. Siririya ce, ba ta zama wuri ɗaya, tana tsalle, tana durƙusawa, tana wata irin dariya da ba ta daɗi ba. Turancin Shakespeare ba duka nake kamawa ba, na kuma tabbata rabin ɗakin haka suke, amma ba sai da ƙamus ake gane yaron da ƙanin ubansa ya kashe uban, ya hau gadon sarauta, ya aure uwar ba. Inda ta fi kama ni wajen da ta shiga ɗakin uwar ne tana faɗa, ana cikin faɗan muryar ta karye ta koma ta yaro. Akwai kuma inda na ga gudun ya yi yawa, magana ba ta gama sauka ba an wuce. Matar da ke gefena ta ce a lokacin hutu ita ta fi son Hamlet mai nutsuwa. Na ce mata wanda aka kashe wa uba ba lallai ne ya nutsu ba. Ba mu daidaita ba.

Mun tashi wajen ƙarfe 5, na yi jinkirin fita da gangan. Da ƙarfe 8 na daren nan, a kan wannan dandamalin dai, za a yi Chicago, wasan waƙa da rawa mai makaɗa. Tun 'yan kallo ba su gama fita ba wasu mutane cikin baƙaƙen kaya suka shigo, ba mai ɗaga murya, kowa ya nufi abin da zai ɗauka. Aka fara kwance fadar Denmak gunduwa-gunduwa ana turawa ciki a kan tayoyi. Mai nuna wa mutane kujera ta bar ni 'yan mintoci kafin ta ce za a rufe.

Wannan karɓa-karɓar ita ce ginshiƙin bikin. Ba wasa ɗaya ake ɗorawa a yi ta nunawa har a gaji a sauke a kawo wani ba. Ana ɗaukar 'yan wasa na kaka guda, tun cikin sanyi su fara gwaji, kowa a ba shi matsayi a wasa biyu ko uku, sannan wasannin su riƙa juyawa: wannan da rana, wancan da dare, gobe wani. A 2022 wasanni 10 ne ke juyawa a gidajen huɗu, Litinin ce ranar hutu. Ribar gari a fili take: wanda ya taso daga nesa ba zai kalli ɗaya ya juya ba, zai kwana, ya biya ɗaki, ya ci abinci, ya sayi tsaraba. Ɗan wasa kuma ba ya samun damar maƙalewa a abu ɗaya. Wanda ya yi sarki yau, gobe yana iya zama mai riƙe da tire, kuma kusan kowa yana haddace da maganganun wani don ko-ta-kwana. A 1956 Plummer ya kwanta ciwo, wani matashi da ke jiran irin wannan rana ya hau ya yi Henry V a madadinsa. William Shatner ke nan, tun duniya ba ta san shi a shirin talabijin na Star Trek ba.

Abincin dare ya ɗan ba ni wahala. Gidajen abinci sun cika da masu saurin ci kafin wasan ƙarfe 8, kuma kusan ko'ina sai wanda ya kama wuri tun da wuri. Na samu wani ƙaramin shago na ci kifi da soyayyen dankali, bayan na tambayi irin man da aka soya. A allo dala 19 aka rubuta. Da takarda ta zo an ɗora harajin kashi 13 cikin 100, na'urar biya kuma ta tambaye ni nawa zan ƙara wa mai kawo abinci. Na tashi a wajen 25, ciki bai ma cika ba.

Da na koma na tarar da dattijuwar a falo, na ba ta labarin masu baƙaƙen kaya. Ta ce ai ban ga komai ba. Waɗanda muke tafa wa su ne 'yan kaɗan. In kaka ta kankama mutum wajen 1,000 ke karɓar albashi. Akwai masu yanka, masu ɗinki, marina, masu huluna, masu takalma, masu gashin kanti, masu ƙera takubba da sulke, kafintoci, masu fenti. Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar rigar gwaji ta juya mini cikinta. An bar yadi mai faɗi a kowane ɗinki, don in mai sawa ya yi ƙiba ko wani ya karɓe shi, a farke a buɗa, ba sai an yi sabuwa ba. Maɓallan gaba na ado ne kawai. A ɓoye ta baya akwai maɗaurin da ake fizgewa cikin daƙiƙa kaɗan a duhu, mai taya sa kaya na tsaye da 'yar tocila. A wuya an ɗinka ƙyalle mai sunan wasan da na wanda ya sa. Ta ce kowane wasa yana da kundinsa, da zanen kowace riga, da guntun yadinta a manne, da awon mai ita. Akwai ma waɗanda aikinsu tsufar da kaya ne: a gama riga sabuwa fil, su bi ta da fenti da samfefa har ta koma tsumma. Gashin kanti sili-sili ake ɗaura shi a kan raga. In kaka ta ƙare ba a zubar da komai, akwai ƙaton sito a garin da dubban riguna ke rataye, ana sake amfani da su, ana ba wasu haya. Tun 1998 kuma suna da makarantarsu ta horar da matasan 'yan wasa.

Na daɗe ina juya rigar nan a hannuna. Mu in za mu yi wasa, wata biyu muna gwaji don dare ɗaya. Babbar rigar sarki ta baffan wani ce, da sharaɗin a dawo da ita kafin Juma'a. Kakin ɗan sanda mu ɗinka da yadi mafi araha, an tashi wani ya tafi da wandon gida. Kuɗin zaure, kuɗin man janareta, hayar kujeru, in an watse ba abin da ya rage sai hotuna a waya, baɗi a sake farawa daga babu. Wanda ya fi iyawa a cikinmu ba ya daɗewa, Kano yake tafiya neman fim, kuma ba na ganin laifinsa. Alhali wanda ya ga zamanin su Kasimu Yero da Samanja a talabijin ɗin Kaduna ya san mu ma mun taɓa samun ƙungiyoyi tsayayyu, fuskoki ɗaya suna juya matsayi iri-iri mako bayan mako, saboda akwai gidan da ke riƙe da su.

Ita ma dai ba ta bar ni na kwanta da zaton aljanna suke ciki ba. Ta ce yawancin aikin na kaka ne, sanyi na shiga wasu sai neman wani abin. Hayar gida ta yi tsada. Akwai 'yan garin da aka haifa a nan ba su taɓa taka gidan wasan ba, suna ganin harkar baƙi masu kuɗi ce, kuma duk wanda ya dubi kawunan 'yan kallo daga sama zai ga furfura ta fi yawa. Mafi yawan kuɗin bikin daga tikiti ne da gudummawar masu hali, na gwamnati kaɗan ne, shi ya sa duk shekara sai an sa wasan waƙa da rawa irin Chicago, shi ke cika kujeru ya ɗauki nauyin sauran. A 2020 korona ta soke kakar ɗungurungum, a 2021 suka koma wasa a waje ƙarƙashin rumfuna.

Washegari na nufi gidan Tom Patterson, gini mai gilashi da tagulla da ya lanƙwasa yana bin bakin kogi. An gama shi a 2020 ya zauna a rufe, sai a 2022 aka buɗe shi da Richard III, wasan da aka fara da shi a tanti, Colm Feore a gaba. Dandamalinsa dogo ne siriri ya ratso tsakiyar jama'a, kana kallon wasa kana kallon fuskokin waɗanda ke ɗaya gefen. Ranar na ga baƙaƙen fata fiye da duk waɗanda na gani tun zuwana garin, mata da gwaggwaro, an taso daga Toronto mota-mota. Wani dattijo Bayarabe ya ga hulata ya ce, "Malam, sannu da zuwa, ina gajiya?" A Sabon Garin Kano ya yi firamare, Hausar ba ta guje masa ba. Muka yi musayar kujera da wani muka zauna tare.

Tawiah M'Carthy, haifaffen Gana, shi ya ba da umarni. Labarin ya samo tushe daga abin da ya faru a Oyo a 1946. Alafin ya rasu, al'ada ta ce Elesin, mai dokin sarki, ya bi shi lahira bayan wata guda. Baturen Di'o ya sa baki ya hana, ɗan Elesin da ke karatun likita a Ingila ya dawo ya mutu a madadin uban. An buɗe da kasuwa, kalangu na magana, mata na amsawa. Sai ga maroƙin Elesin ya shigo yana zuba masa kirari, na duba da kyau, Amaka Umeh ce. Jiya yarima, yau maroƙi, tafiyar ta canza, muryar ta sauko ƙirji. Ban gama da wannan ba sai ga Di'o da matarsa suna rawa sanye da kayan dodon egungun da aka ƙwace: Graham Abbey da Maev Beaty, waɗanda jiya su ne sarki Claudius da sarauniya Gertrude. Mutumin da na tsana jiya don ya kashe ɗan'uwansa, yau na tsane shi don yana ganin taimako yake yi.

Akwai Saje Amusa, ɗan doka, Musulmi, wanda ya ƙi kallon kayan dodon, matan kasuwa kuma suka yi masa tsiya har 'yan mata suka ƙwace kulake. Ɗaki ya yi ta dariya, ni ma na yi, amma da ɗan ɗaci. Irinsa kakannin wasunmu ne, mutumin da Bature bai ɗauke shi cikakken mutum ba, 'yan gari kuma suna ganinsa yaron Bature. A matsayina na Musulmi ba na tare da al'adar da wasan ya ginu a kanta, kuma ban ji an nemi in yarda da ita ba. Soyinka da kansa ya ja kunnen masu shirya wasan kada su mai da shi karon al'adar Bature da ta baƙar fata kawai. Ni abin da na gani mutum ne da aka ciyar, aka shayar, aka yi wa kirari tsawon rai saboda rana ɗaya, ranar ta zo ya tsaya neman amarya. Lokacin da Iyaloja, shugabar matan kasuwa, ta tsaya a kansa a kurkuku tana gasa masa magana, dattijon da ke gefena sai gyaɗa kai yake yana tsaki a hankali. Wasu wuraren mu muka yi dariya Turawa suka waigo, wasu wuraren su suka yi mu muka yi shiru.

Mijin ƙanwata ne ya zo ɗaukata a mota shi da yarinyar, ta karɓi hotonta tun kafin ta gaishe ni. Muka bi ta wani ƙauye da ke gabas da garin wanda shi ma sunansa Shakespeare, sannan ya ratse da mu ta hanyar karkara don ya nuna mini mutanen Mennonite, wata ɗariƙar Kirista da wasunsu ke gudun kayan zamani. Muka ci karo da ɗaya, baƙin keken doki, mutum da malafa, matarsa da doguwar riga da ɗan kwali, a gefen kwalta an bar musu hanyarsu. Daga Kitchener muka hau babbar hanya mai lamba 401, cunkoso ya riƙe mu har isha'i.

Na dawo Zariya a farkon Oktoba, damina na haɗa kayanta. A zaman farko da 'yan ƙungiya na raba tsarabar alewa, na ce daga yau duk rigar da muka ɗinka ta ƙungiya ce, za a rubuta ta a littafi a kulle a adaka. Ba wanda ya yi musu, aka yi karo-karo aka sayo adakar a kasuwar Sabon Gari, makullin na hannun ma'ajiya. Da na ce kuma bana wasa biyu za mu gwada a lokaci ɗaya da mutane ɗaya, nan aka fara kallon juna, domin wanda ya saba yi mana sarki, a na biyun dogari na ba shi. Ya ce ya ji, ba komai, Malam. Ranar gwaji ya aiko cewa babur ɗinsa ya lalace, kuma har yau da nake wannan rubutun bai gyaru ba.